Kada ka goge wa mutum kwamfuta saboda kalmar sirri

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni yadda za ka yi da laftof ɗin nan mai Ubuntu (babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kamar Windows), wadda mai ita ya ce kalmar sirrin mai iko ta ƙi shiga, ko ka yi mata fomatin kawai, wato ka goge komai. Kada ka kuskura, ɗana. Takardun mutum da hotunan iyalinsa suna ciki.

Fara da tambayarsa wace kalma yake sawa. A Ubuntu, asusun root, wato asusu mai cikakken iko, a kulle yake zuwa, ba shi da kalmar sirri. In ka rubuta sudo, umarnin da ke ara maka ikon root, kalmar da yake shiga kwamfutar da ita kullum ake nema. Kuma a baƙin allon nan da ake rubuta umarni, in kana buga kalmar sirri galibi ba abin da zai fito, ko tauraro ɗaya. Na sha ganin mutum ya taso daga Kurna har nan Farm Centre yana cewa kibod ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai kibod ɗin kansa, a nan na fi kama matsalar. Laftof tokumbo da yawa masu shigowa ta Nijar tsarin Faransa ne da su: A na zaune a gurbin Q, Z a gurbin W, lambobi kuma sai an danne Shift. In aka saita na'urar da wani tsarin, ido na ganin harafi, ita tana karɓar wani. Buɗe inda rubutu ke bayyana, ka sa shi ya buga haruffan, ku gani da idonku. Ka leƙa Caps Lock ma.

In kwamfutar ta ce ba ya cikin sudoers, wato jerin waɗanda aka yarje wa amfani da sudo, kalmarsa daidai take, iko ne ba a ba shi ba.

To in ya manta ne da gaske, sake kunna ta ka danne Shift, ko Esc a sababbi, har GRUB ya fito, wato allon zaɓi da ke zuwa kafin Ubuntu ta buɗe. Shiga Advanced options, zaɓi recovery mode, sannan root. Rubuta mount -o remount,rw / tukuna, don in faifan yana halin karatu kaɗai, canjin ba zai zauna ba. Duba sunansa da ls /home, ka rubuta passwd da sunan, sai ka tura masa laftof ɗin ya sa sabuwa da hannunsa sau biyu, kai kuma ka kau da kai. Tsohuwar ba ta dawowa, a dagule ake ajiye ta. Faifan da aka kulle da LUKS kuwa, wato tsarin da ke dagula duk bayanan faifai, in an manta kalmarsa, gaya masa gaskiya, ba mu da hanya.

Amma kafin ka taɓa GRUB, tabbatar tasa ce. Hanyar nan ita ɓarawo ma yake nema. Ya kawo rasit, ko ya faɗi abin da ke cikinta kafin a buɗe. In ya fara kame-kame, ka ce ya jira ni, bayan La'asar ina shago.