Ɗana, ga yadda ake cin kuɗin fim a Amurka

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ka gaishe min da babanka da su Hajiya da duk mutanen Ƙofar Ƙaura. Saƙonka ya iso ni nan Bronx, a birnin New York, kuma na ga tambayoyi biyu ka ƙulla wuri guda: yaya kamfani zai zuba dala miliyan 200 a fim ɗaya har ya ga riba, sannan me ya sa mu Hausawan nan muke biyan kuɗi duk wata don kallon abin da kai kake tura wa mutane a waya a kan 'yan nairori.

Ka fara riƙe wannan: a nan ba sau ɗaya ake sayar da fim ba. Yadda mahauci ke yi da sa haka suke yi, nama da kuɗinsa, kayan ciki da nasu, fata ta tafi majema, ƙashi ma yana da mai saye. Kuma kowane mai saye da ranarsa, ba ya shiga gaban wani.

Sinima ce ke fara ci, amma kafin nan sai an sha talla. Tun saura watanni za a saki tirela, wato ɗan guntun bidiyon tallan fim ɗin. Fosta za ta mamaye motocin safa da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaruman su yi ta zagaye gidajen talabijin suna hira, yaronka ya sayi abinci a McDonald's ya tarar da 'yar tsanar jarumin a cikin kwali. Ranar Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, tallan daƙiƙa 30 ya kai dala miliyan 7 a 2023 da 2024, kuma kamfanonin fim na cikin masu saye. Har tara mutane suke yi a nuna musu fim ɗin kafin ya fita, a ba su takarda su faɗi ra'ayinsu, in ƙarshen bai yi musu ba a koma a sake ɗauka. Tallan babban fim kan haura dala miliyan 100, ban da kuɗin shirya shi. Duk wannan ɗawainiya kwana uku ake hari, Juma'a da Asabar da Lahadin farko, domin abin da aka samu a cikinsu shi ne labarin da kowa zai ji ranar Litinin.

To amma kusan rabin kuɗin tikiti na masu sinima ne. Ka yi lissafi da kanka, a miliyoyin daloli: an kashe 200, an yi tallan 100, an sayar da tikitin 500, kamfani ya karɓi wajen 250. Uwar kuɗi ma ba ta dawo ba. Ribar tana cikin ɗakunan mutane.

Da farko su kansu kamfanonin tsoron bidiyo suka yi. A 1976 Universal da Disney suka maka Sony a kotu kan na'urarta ta bidiyo mai suna Betamax, suna cewa za ta kashe musu sana'a. Kotun Ƙoli ta ba Sony gaskiya a 1984, kuma wannan kayen da suka sha shi ya zame musu arziki. Dokar ƙasar nan ta ba wanda ya sayi kaset damar ba da shi haya, don haka suka riƙa sayar wa shagunan haya kaset ɗaya a kan dala 80 ko fiye. A 1987 Paramount ta gwada wata dabara da Top Gun: ta sa tallan Pepsi a farkon kaset, ta sayar da shi ƙasa da dala 27 don kowa ya mallaki nasa, aka yi ta rububi. Disney kuwa sai ta fito da tsohon katun ta ce na ɗan lokaci ne, ta janye shi daga kasuwa shekaru, iyaye su yi ta saye kada ya ƙare.

Da faifan DVD ya shigo a 1997 sai abin ya wuce misali. Buga faifai ɗaya bai wuce dala ɗaya zuwa biyu ba, a sayar da shi wajen 20. Ran Talata sabbi ke fita, kuma manyan kantuna irin Walmart har karya farashi suke yi don a shigo a sayi wasu kaya. Bayan 'yan watanni a sake fito da fim ɗin da wuraren da aka yanke da hirar darakta, wanda ya saya jiya ya sake saye. A 2005 cinikin DVD a Amurka ya haura dala biliyan 16, alhali tikitin sinima bai wuce kusan biliyan 9 ba. Ka lura da sirrin: an riga an biya kuɗin talla tun lokacin sinima, sunan fim ya riga ya shiga bakin mutane, faifai ya zo ya kwashi garabasa. Marubuta kuwa kaɗan suka gani, domin kashi 20 cikin ɗari kawai na kuɗin bidiyo ake sawa a lissafin rabonsu, kuma wannan na cikin abin da ya jawo yajin aikinsu na kwana 100 daga 2007 zuwa 2008.

Yanzu faifai ya ja baya. Blockbuster, wadda ta taɓa mallakar shagunan haya wajen 9,000, ta karye a 2010, Netflix ma ta daina aika faifai ta gidan waya a 2023. Amma jerin bai rushe ba, intanet ya koma. A da wata uku ake jira bayan sinima, sai korona ta zo a 2020, Universal da gidajen sinima na AMC suka yi yarjejeniyar da ta rage shi har zuwa kwana 17. Mai gaggawa ya biya wajen dala 20 ya kalla a gida na kwana biyu, mai haƙuri ya jira farashi ya sauko, sannan fim ya shiga manhajar biyan wata, daga baya gidajen talabijin da jiragen sama da tashoshin kyauta masu talla su ɗauki nasu.

Wannan jerin shi ne abin da masu fim ɗinmu ba su samu ba, kuma yana min ciwo. A zamanin kaset, furodusa a Kano kwali yake bugawa ya sayar wa dillalan Ƙofar Wambai da Bata, su kwafa su cika. Ƙofa ɗaya ke nan. Da memori ya zo ya toshe ta, babu wata a baya.

Mu kuma a nan, da can a akwati kaset ke zuwa, tsakanin kilishi da daddawa. In ka sa shi a bidiyon Amurka sai zane-zane, domin tsarin Najeriya PAL ne, na nan NTSC. Sai an kai shago an juya shi an biya, sannan ya fara yawo gida-gida, daga na Bakatsine zuwa na mutumin Maraɗi zuwa na ɗan zangon Kumasi, har hoton ya dushe. Yaran da aka haifa a nan, da yawansu a gaban wannan akwatin suka ga yadda ake durƙusa wa babba, suka ji karin maganar da iyayensu ba su da sukunin koya musu bayan aikin awa 12.

Shi ya sa yau muke biya. Wani ɓangaren tsoro ne, gaskiya, domin layin intanet da sunanka da adireshinka yake, in aka sauke fim ta bayan fage wasiƙar gargaɗi na iya zuwa, kuma mai neman takardar zama ba ya son sunansa a irin wannan. Wani ɓangaren sauƙi ne, ka danna ka kalla. Wanda ba shi da hali ma yana da katin laburare, ya ari faifai kyauta, su kuwa laburaren sayensa suka yi. Amma a fim ɗin Hausa dalilinmu ya fi haka. Masu talla a Amurka sun fi biyan YouTube tsada, don haka kallo ɗaya daga nan ya ninka na gida wajen abin da ke shiga aljihun furodusa. A zaurukanmu na WhatsApp, in wani ya turo fim ɗungurungum sai dattawa su ce ya goge, ya turo hanyar tashar mai fim ɗin. Muna barin talla ta wuce ba mu tsallake ba, muna biyan manhajojin Kannywood ko da ba kullum muke kallo ba, don in masu yi suka daina, yaranmu ne za su fara rasawa.

Ban ga laifinka ba a kan shagonka, data na da tsada kuma da sana'ar kake taimakon gida. Sai dai abokin nan naka da ka ce yana tara kuɗin shirya fim, ka gaya masa ya ware kuɗin talla tun kafin a kunna kyamara, kuma ya rubuta a takarda wa zai fara nunawa, wa zai biyo baya, da kwana nawa a tsakani, ko sinima a Kano ce, ko manhaja, ko Arewa24, sannan YouTube a ƙarshe. Ku masu turawa ma ya zauna da ƙungiyarku a yi ciniki kafin ranar fita. In ya buɗe tasharsa ka turo min, zan raba wa mutanenmu a masallaci ranar Juma'a.