Amsa ga ɗan'uwan da aka hana mafaka a Jamus

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce takardar BAMF, hukumar da ke duba neman mafaka a Jamus, ta zo an hana ka mafaka, kana tambaya ko shi ke nan sai jirgi. A'a, akwai kotu, ni ma ta nan na biyo. Fara ɗauko ambulan ɗin nan mai ruwan ɗorawa, ka dubi ranar da mai kai wasiƙa ya rubuta da biro a jikinsa. Daga ita ake ƙirga kwanakinka, ba daga ranar da ka buɗe ba. Kada ka yar da shi.

Sai ka juya ƙarshen takardar, nan aka rubuta kotun da za ka je da wa'adinka. A lokacina, in ƙi ne na yau da kullum, mako 2 ake ba mutum ya shigar da ƙara a Verwaltungsgericht, kotun da ke duba hukuncin hukumomi, kuma ba kora sai alƙali ya yanke. In ka ga "offensichtlich unbegründet", wato wai a fili take ba ka da hujja, mako 1 ne tak, kuma ƙarar kaɗai ba ta tsayar da kora sai ka haɗa da roƙon gaggawa, Eilantrag. Wannan ya fi cin 'yan'uwanmu na Gana, don tun 1993 Jamus ta sa Gana da Senegal cikin ƙasashen da take ɗauka lafiya lau.

Kada neman lauya ya cinye maka kwanaki. Kotun ba ta karɓar kuɗin ƙarar mafaka, kuma tana da ofishin da ake rubuta wa mutum ƙara in ya je da kansa. Ƙungiyoyin agaji na coci, Caritas da Diakonie, na ba da shawara kyauta.

Inda aka fi zubar da mutane shi ne takardar hirar farko da BAMF, inda aka rubuta duk abin da ka faɗa. Ranar tawa, da aka ce za a maimaita min abin da na faɗa, yunwa da gajiya suka sa na ce ba sai an yi ba. A hirar na ce na baro gida bayan ƙaramar Sallah, aka matsa min sai na faɗi watan Turawa, na faɗi wani da ka ba tare da tabbaci ba. Ranar kotu alƙalin ya buɗe shafin, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce yanzu kuma wani wata nake faɗa. Gumi na yi, ga sanyi ana zubawa a waje. Ka samu wanda zai karanta maka takardar hirarka layi-layi, duk kuskure ku rubuta wa kotu tun kafin zama. In daga Najeriya kake, ka shirya wa tambayar nan da ba ta fashi: me zai hana ka zauna a Legas ko Abuja?

Ni ban samu matsayin ɗan gudun hijira ba. Abin da alƙali ya ba ni shi ne Abschiebungsverbot, hana kora, saboda ciwon ƙoda. Can ma ba 'yar takardar "ba shi da lafiya" ke aiki ba, sai cikakken rahoton likita: sunan ciwon, maganin, da abin da zai faru in an yanke shi.

Kuma in ka sauya ɗaki, ka sanar da kotu da BAMF a rubuce, don wasiƙar da ta je tsohon adireshi kamar ka karɓa ce. Yanzu faɗa mana, wace rana ce a jikin ambulan ɗin?