'Yata ta fara gudun wayarta, ko in ƙwace?

Tambaya: Malam, 'yata shekararta 14. Da ba ta rabuwa da waya, yanzu da saƙo ya shigo sai ta kife ta, ranta ya ɓaci. Ta fita daga guruf ɗin ajinsu na WhatsApp, makarantar ma ta fara ƙin zuwa. Babanta ya ce a ƙwace wayar a huta.

Amsa: Hajiya, irin alamomin da ake gani ke nan ga yaron da ake cin zarafinsa ta intanet, amma ita ce za ta tabbatar miki. Tsangwamar makaranta tana ƙarewa in an tashi, wannan kuwa har kan gado take bin yarinya da tsakar dare. Ba lallai zagi ba ne ma. Sai a yanko hotonta a mai da shi sitika ana ta dariya, ko a buɗe sabon guruf da kowa a ciki ban da ita.

Don Allah ki lallashi babanta kada ya ƙwace wayar. Tsoron ƙwacewar ne ke sa yara yin shiru. Ita aka zalunta, in kuma ita aka hukunta, ba za ta ƙara buɗe miki cikinta ba.

Ki zauna da ita ba faɗa. In ta nuna miki saƙonnin, ku ɗauki hoton allonsu tukuna, lamba da kwanan wata su fito, domin mai turowa yana iya goge su daga wayar kowa. Sannan ku kai rahotonsa, ku toshe shi. WhatsApp yana karɓar saƙonni 5 na ƙarshe na wanda aka kai ƙararsa. A sashen sirri na saituna kuma za ku iya ware waɗanda ba su da ikon saka ta a guruf.

In tana Instagram tana tsoron toshewa ta ƙara hura wutar, akwai tsarin taƙaita mutum da suka fito da shi a 2019: zai yi ta sharhinsa, shi kaɗai yake gani, bai kuma san an taƙaita shi ba.

'Yan ajinsu ne? Ki kai hotunan wa hukumar makaranta. In akwai barazana ko hoton tsiraici, kada ki tura wa kowa, ki riƙe wayar ki tafi wurin 'yan sanda.