Albashina dubu 70, wai shi ya fitar da ni daga sahun talakawa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni maigadi ne a wata makaranta, albashina dubu 70 a wata, ina da mata ɗaya da yara biyar. Da aka zo rubuta sunayen masu karɓar tallafi a unguwarmu sai aka tsallake ni, wai ni ma'aikaci ne. Don Allah da wane ma'auni ake auna talauci, kuma nawa mutum zai riƙa samu kafin a ce ya fita daga ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya rufa asiri. Bari in fara da lissafin gidanka tunda shi ne ya dame ka. Ku bakwai ne, in aka raba dubu 70 gida bakwai kowa ya tashi da dubu 10 a wata, wato naira 333 a rana, kuma cikin wannan ne za a ci, a biya haya, a sayi magani da sabulu da littafin yara. Toh masu auna talauci ba albashin maigida suke kallo ba, abin da ya faɗo kan kowane mutum ɗaya a gidan suke kallo. Gwauro mai dubu 70 da magidanci mai dubu 70 ba ɗaya ba ne ko kusa.

Yanzu ga ma'aunin da Najeriya ta yi amfani da shi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta yi binciken rayuwar gidaje a 2018 zuwa 2019, ta ajiye layin talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, kusan naira 376 kenan a rana, ko dubu 11 da 'yan kai a wata. Yadda ake fitar da shi ba wani sihiri ba ne, ana lissafa kuɗin abincin da zai riƙe jikin mutum a rana, sai a ɗora ɗan abin da ba makawa kamar sutura da wurin kwana da makamashi. Da wannan layin aka samu kashi 40 cikin 100 na 'yan ƙasa suna ƙasa da shi, mutum kusan miliyan 83, kuma ba a ma sa Borno ba saboda rashin tsaro. Sakkwato da Taraba da Jigawa sun haura kashi 87, Legas kuwa ba ta kai kashi 5 ba.

Ka ga kenan kai da dubu 10 ɗinka kan kowane mutum, ko layin 2019 ma ba ka kai ba, layin da aka ja lokacin mafi ƙarancin albashi yana dubu 30, tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tun kafin hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024. Nan ne ni nake ganin babbar matsalar take, layi ne da ake ja da farashin shekara guda sai a bar shi yana tsufa, mudun masara na gudu shi yana tsaye. A Amurka wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Mollie Orshansky ce ta fitar musu da nasu a farkon shekarun 1960, ta ɗauki kuɗin abinci mafi arha ta ninka sau uku saboda a lokacin iyali na kashe kusan sulusin samunsu a kan abinci, kuma har yau suna ta sukar tsarin cewa ya tsufa, amma dai duk shekara suna ɗaga shi daidai da tashin farashi, kuma yana ƙaruwa da yawan mutanen gida.

Wani abu kuma, a nan Najeriya ba a cika tambayar mutum nawa yake samu ba, ana tambayar me gidan ya ci, me ya kashe. Dalili shi ne manomi ba shi da albashi, hatsinsa na rumbu, mai sayar da ƙosai ita ma ba ta rubuta ribarta, kuma mu dai mun san halinmu, kowa na ɓoye samunsa. Don haka hatsin da ka noma ka ci shi ma ana yi masa kuɗi a saka a lissafi.

Za ka riƙa ji a rediyo ana cewa dala kaza a rana, wannan na Bankin Duniya ne, an fara da dala 1 a 1990, ya koma 1.90 a 2015, ya koma 2.15 a 2022, a 2025 suka mai da shi dala 3. Amma kar ka ɗauki dala 3 ka buga da farashin 'yan canji, mutane da yawa nan suke kuskure, dalar tasu ta lissafin abin da kuɗi ke iya saya ce a kowace ƙasa, an yi ta ne don a kwatanta ƙasashe ba don a tantance wa za a ba tallafi a unguwa ba.

Akwai kuma ma'aunin da bai tsaya kan kuɗi kaɗai ba, wanda NBS ta fitar a Nuwamban 2022, shi yana duba ko yara na zuwa makaranta, ruwan da ake sha, bayan gida, da me ake girki, nisan asibiti, aikin yi da matsalar tsaro. Da shi aka samu kashi 63, mutum miliyan 133. Gida na iya tsallake layin kuɗi da ƙyar, amma ya faɗa a wannan.

Sai maganar sunan naka. Rajistar talakawa ta ƙasa ba da layin nan kai tsaye ake cika ta ba, jama'ar gari ne ake tarawa su faɗi waɗanda suke ganin sun fi kowa shiga wani hali, sannan ma'aikata su bi gida gida da tambayoyi, rufin ɗaki, daɓen ƙasa ko siminti, kadarori, yawan yara, sai kwamfuta ta jera gidajen daga na ƙasa zuwa sama. Kuma kuɗin ba ya isar kowa, ana farawa ne daga can ƙasa, gwauruwa mai marayu da tsohon da ba mai kula da shi za su riga ka kuma gaskiya ya kamata su riga ka. Amma a ce maka kai ba talaka ba ne kawai don kana ɗaukar albashi, wannan ba lissafi ba ne, ganin ido ne.

Shawarata ka je wajen mai unguwa ka tambayi jami'in da ke kula da rajistar a ƙaramar hukumarku, akwai hanyar shigar da ƙorafi, ka faɗi yawan mutanen da ke ci a tukunyarka ba albashinka kaɗai ba, ka tafi da lambar NIN ɗinka, kuma kar ka ba kowa ko sisi don a sa sunanka, shiga rajistar kyauta ne.