Katin Ajiya, Kafin Alƙalami da Hoton Amarya: Amsoshi ga Masu Shiga Sana'ar Hoton Biki

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan makon, dukansu daga nan Kumasi, kuma dukansu a kan sana'ar ɗaukar hoton biki, wadda matasan Zango suke ta rububin shiga. Na taƙaita tambayoyin, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Wani matashi daga Aboabo ya ce: "Shekara 2 ke nan ina bin maigidana wuraren biki ina riƙe masa jaka da fitila. Na tara sidi 25,000, ina so in tsaya da ƙafafuna. In sayi sabuwar kyamara ta yayi, ko kuwa in sayi ta hannu in haɗa da ƙaramin jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama?"

Ƙanena, duk kyamarar da aka miƙo mini aka ce ta biki ce, kafin in tambayi shekarar da aka ƙera ta sai na buɗe murfin gefenta na ƙirga gurbin katin ajiya. Idan gurbi biyu ne, ana iya saita ta kowane hoto ya sauka a wuri biyu lokaci guda, ta yadda ko kati ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. Kai ma ka san ɗaurin aure bai fi 'yan mintuna ba: wakili ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, liman ya yi addu'a, a shafa Fatiha a raba goro, jama'a su watse. Ba wanda zai sake tara maka dattawan nan gobe saboda katinka ya mutu. Ni kaina a farkon sana'ata kati ɗaya ya cinye mini hotunan walima baki ɗaya, kuma har yau idan na hango uwar amaryar nan a kasuwa sai in ji kunya ta rufe ni.

Saboda haka ta hannu mai gurbi biyu ta fiye maka sabuwa mai gurbi ɗaya. Canon 5D Mark III ta 2012, Nikon D750 ta 2014 da Sony A7 III ta 2018 duk gurbi biyu gare su, kuma har yanzu ana cin abinci da su, alhali Canon EOS RP, duk da cewa ta fi su ƙuruciya, gurbi ɗaya kawai aka yi mata. Idan za ka sayi ta hannu, ko a shagunan Adum ne ko a wurin masu talla a shafin Jiji, kada ka tura ko kwabo ta MoMo sai kayan sun shiga hannunka. Ka nemi a nuna maka adadin hotunan da ta ɗauka tun fitowarta daga masana'anta, domin shi ne shekarunta na gaskiya, sannan ka ɗauki hoton farin bango da ita ka duba ko akwai ɗige-ɗige, ka kuma haska fitilar wayarka cikin gilashinta, wato lens. Laimar Kumasi tana haifar da fumfuna a cikin gilashi, kuma idan ta yi saiwa, gyaranta yakan kusa kuɗin sabo.

Abin da ya rage ka zuba shi a gilashi mai shan haske, 35mm ko 50mm mai buɗewar f/1.8, saboda rabin aikinmu a ɗakunan gidan haya ake yin sa, inda taga ɗaya ce kuma ƙawayen amarya sun tare ta. Ka ƙara da fitilar ɗaukar hoto, ta kamfanin Godox ma ta wadatar, da batura uku, da katuna masu kyau, da rumbun ajiyar hotuna, wato hard drive, guda biyu waɗanda ba za su kwana a jaka ɗaya ba. Maganar jirgi kuwa ka jingine ta. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Ghana ta wajabta yi musu rajista, ga shi kuma unguwarku tana dab da filin jirgin sama na Prempeh na Ɗaya, inda ba a wasa da tashin irin waɗannan na'urori. Duk amaryar da ta nace, ka ɗauko hayar mai izini ka sa kuɗinsa a lissafi. Kuma ka rabu da maigidanka da hannu biyu, ka je ka nemi albarkarsa, domin ranar da kyamararka ta tsaya ana tsakiyar biki, shi ne zai ara maka tasa.

Wata ɗaliba daga Asawase ta rubuto cewa: "Wani ɗan uwanmu da ke zaune a Jamus zai zo ya ɗaura aure ba tare da taro ba, mutum 10 kawai, kuma sun ce ni zan ɗauki hoto. Irin wannan aikin zai riƙe mutum a matsayin sana'a? Kuma in rage kuɗi ne tunda ba jama'a? Babana ma yana ɗari-ɗari da mace mai yawo da kyamara."

Ƙanwata, ki gaida Baba, ki kuma ba shi labarin Felicia Abban, wadda ta buɗe shagonta na hoto a Jamestown da ke Accra a 1955, ta ɗauki hotunan Kwame Nkrumah, ta rasu a 2024 da mutuncinta. Hujjar da za ta fi shiga kunnensa ita ce a bikinmu akwai ɗakunan da namiji ba ya taka ƙafa, wato wurin ƙunshi da wurin shirya amarya kafin ta rufe kanta, kuma iyaye da yawa sun fi samun natsuwa idan mace ce ta shiga da kyamara. Wannan kasuwa ce da maza irina ba za su iya ƙwace miki ba.

A ƙasashen Turawa akwai masu hoton da suka keɓe kansu ga auren da ango da amarya kan tafi wani wuri mai nisa su ɗaura su kaɗai. Namu ba ya ɗauruwa sai da waliyyi da shaidu da sadaki, don haka abin da za ki riƙa samu shi ne ƙaramin ɗaurin aure a falo ko a masallacin unguwa, galibi na mazauna waje masu hutun mako biyu, ko na bazawara da ba ta son hayaniya. Irin waɗannan sukan bi ta ofis ma, tunda dokar aure ta Ghana ta tanadi a yi rajistar auren Musulmi cikin mako guda da ɗaura shi, kuma hoton sa hannu da na shaidu yana da daraja a wurin wanda zai nema wa matarsa biza. Irin wannan ƙaramin aure shi kaɗai ba zai cika miki shekara ba tukuna, sai ki haɗa da manyan bukukuwa da suna da walimar sauka.

Kada ki raba kuɗi biyu don mutane kaɗan ne. Lokacinki kike sayarwa, kuma ƙaramin biki ya fi cin hankali, domin babu taron da zai rufe kuskure. Idan sun so a fita bayan an ɗaura, wurin shaƙatawa na Rattray Park yana cikin gari, Tafkin Bosomtwe kuma yana da tazarar kusan kilomita 30, kuma kuɗin mota da na shiga duk a kansu suke. Ki rubuta cewa farashin da kika faɗa na wata guda ne. Waɗanda suka yi ciniki a farkon 2022 suka zo aiki a Disamba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100, sun san abin da ya sa nake faɗin haka.

Abin da zai sa a riƙa ba da lambarki daga gida zuwa gida shi ne zaman da za ki yi da amarya mako guda kafin ranar. Ki tambaye ta hoton wa za ta fi baƙin cikin rasawa, sau da yawa za ki ji kakarta ce da ke kwance a ɗaki, wadda ba wanda zai tuna ya kai ki wurinta. Ki tambaya su wa ba a haɗa su a hoto ɗaya, domin gidan da ke da kishiyoyi yana da lissafinsa. Ki san wanda ba ya son a ɗauke shi sam, ki ƙyale shi ba tare da gardama ba. Wajen gyaran hoto kuma, don Allah ki bar mata launin fatarta. Na ga albam ɗin da aka haska fatar amarya har mahaifiyarta ta tsaya tana tambayar ko wace ce.

Na uku daga Tafo Zango yake, ya ce: "Na sa hotunan wata amarya a Instagram don talla, angon ya fusata ya hana ni cikon kuɗina. Ai ni na ɗauka, ba nawa ba ne?"

Malam, a wannan karon angon ya fi ka gaskiya. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta ce idan an ba mutum aiki ya yi, haƙƙin cin moriyar aikin yana hannun wanda ya ba da aikin, sai dai idan an yi yarjejeniya saɓanin haka. Ko babu doka ma, matarsa ce, kuma ba ka tambaye shi ba. Ka sauke hotunan yau, ka sami wani babba ya raka ka ba da haƙuri, sannan a yi maganar cikon kuɗi, wanda shi ma haƙƙinka ne tunda ka yi aikin.

Daga yanzu ka riƙa rubuta yarjejeniya, ko da shafi ɗaya ce: awa nawa za ka yi, hoto nawa za ka bayar, ranar da za ka miƙa su, nawa ne kafin alƙalami, da abin da zai faru idan an ɗaga biki. A ƙasa ka bar layi guda inda ango da amarya, su biyun, za su nuna ko sun yarda ka yi talla da hotunansu, da kuma waɗanne. Waɗanda aka ɗauka amarya ba ɗankwali kada ma su shiga wannan lissafi, ita kaɗai za ka tura wa.