Litattafan Star Wars: da wanne ya kamata a fara?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli fina-finan Star Wars guda tara, sai ka tarar litattafan da aka rubuta a kansu sun kai ɗaruruwa, shi ne kake tambaya ta ina za ka kama, ko wajibi ne ka bi su bisa jerin shekarun labarin, da kuma ko waɗanda ke ɗauke da tambarin Legends ɓata lokaci ne tunda ka ji an ce an cire su daga labarin. Na daɗe ina karanta su, tsofaffi da sababbi, kuma abin da na amfana da shi shi ne zaɓar littafi saboda wanda ya rubuta shi, domin marubuta da yawa ne suka sa hannu a wannan aiki, kuma tazarar da ke tsakanin gwanayensu da sauran ba ƙarama ba ce.

Batun tambarin yana da asali. A shekarar 2012 George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya sayar da kamfaninsa Lucasfilm ga Disney a kan kuɗi kimanin dala biliyan 4, kuma da yake sababbin masu kamfanin suna son shirya fina-finai ba tare da litattafan baya sun ɗaure musu hannu ba, sai a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa duk abin da aka wallafa kafin lokacin ya koma ƙarƙashin sunan Legends. Littafin farko na sabon layi shi ne A New Dawn na John Jackson Miller, wanda ya fito a Satumbar wannan shekarar. Hukunci ne na kasuwanci, ba hukunci a kan ingancin rubutu ba. Ka ɗauke su tamkar ruwayoyi biyu na labari guda, waɗanda suka yi tarayya a fina-finai shida na Lucas sannan kowace ta kama hanyarta. Abin kiyayewa kawai shi ne kada ka cakuɗa su a kanka: a tsohon layi 'ya'yan Han da Leia uku ne, Jaina da Jacen da Anakin, a sabon kuwa ɗa ɗaya ne, Ben, wanda ka gani a fim.

Bin jerin shekaru kuwa ba na ba kowa shawararsa. Wanda ya ce sai ya fara daga tushe a tsohon layi zai tsinci kansa a wani littafi da labarinsa ya faru sama da shekara 25,000 kafin fina-finan, babu mutum ɗaya da ya sani a ciki, kuma an rubuta shi ne a 2013 domin waɗanda suka riga suka ƙoshi da sauran. Da wuya sha'awar sabon mai karatu ta kai shi inda daɗin yake.

Ka fara da Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991, ka bi shi da Dark Force Rising na 1992 da The Last Command na 1993. Lokacin da littafin farko ya fito an shekara takwas ba a yi sabon fim a babban labarin ba, mutane da dama sun ɗauka abin ya mutu, sai ga shi ya hau matsayi na ɗaya a jerin litattafan da aka fi saye na jaridar New York Times. Labarin yana farawa shekara biyar bayan Return of the Jedi: 'yan tawaye sun zama gwamnati, suna fama da rigingimun majalisa da ƙarancin jiragen dakon kaya, Leia tana ɗauke da cikin tagwaye, Luke kuma yana ta tunanin yadda mutum ɗaya zai farfaɗo da Jedi. A nan ne wani babban kwamandan Daula mai suna Thrawn ya dawo daga can gefen duniyoyin ya tattara ragowar rundunar.

Thrawn ne ya sa nake fifita waɗannan litattafai. Ba shi da ikon da Vader ke da shi, ba ya kuma dogara da wani makamin ƙare dangi. Yana nazarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'ummar da zai yaƙa, daga nan ya gane yadda suke tunani da inda za su ruɗe. Yawancin abin da muke gani game da shi ta idon mataimakinsa ne, Kyaftin Pellaeon, soja mai biyayya wanda ke yin tambayoyin da mai karatu zai yi, don haka kana fahimtar dabarar tare da shi, kana kuma jin tsoron da ya dace a kan jaruman. Zahn ya kuma kawo Mara Jade, tsohuwar 'yar aiken sirri ta Palpatine, sarkin Daula, wadda ke ɗauke da ƙudurin kashe Luke, da Talon Karrde, ɗan fasa-ƙwauri mai cinikin labarai da ke ƙoƙarin kada ya shiga ɓangaren kowa. Har sunan babban birnin, Coruscant, daga wannan littafi Lucas ya ɗauke shi zuwa fina-finansa na baya. Abin da ya fi burge ni shi ne muryoyin Han da Leia da Lando, domin kana karanta maganarsu kana jin su kamar yadda ka san su. Idan ka gama ukun kana son ƙari, Zahn ya rufe wannan babi da Specter of the Past a 1997 da Vision of the Future a 1998.

Daga nan sai abin da ya fi jan hankalinka a fina-finan ya yi maka jagora. Idan yaƙin jirage ne da rayuwar ƙananan sojoji, to jerin X-Wing, wanda Michael Stackpole ya fara da Rogue Squadron a 1996. Ni dai na fi son kason Aaron Allston da ya fara da Wraith Squadron a 1998, saboda ya iya haɗa raha da baƙin ciki a shafi guda. Idan kuwa faɗuwar Anakin Skywalker, mahaifin Luke da Leia, ce ta tsaya maka a rai, ka nemi Revenge of the Sith na Matthew Stover na 2005. Labarin fim ɗin ne, amma Stover ya shiga cikin zuciyar yaron, ya nuna rashin barcinsa da tsoron mutuwar matarsa da yadda Palpatine ya yi ta lallaɓa shi, har abin da ya zo da gaggawa a fim ya zama abin da kake gani yana tahowa ba yadda za a yi a tare shi. Turancinsa yana da nauyi, sai an bi shi a hankali. Darth Plagueis na James Luceno, na 2012, yana bayyana yadda aka yi amfani da bankuna da siyasa wajen rusa Jamhuriya daga ciki, sai dai cike yake da ishara ga wasu litattafai, don haka ka jinkirta shi.

A sabon layi Claudia Gray ce nake fara ambata. Lost Stars na 2015 an tallata shi a matsayin littafin matasa, kuma wannan ya sa manya da yawa suka tsallake shi, alhali yana cikin mafi kyau. Yaro da yarinya ne, Thane da Ciena, daga duniya ɗaya suka shiga makarantar sojan Daula tare; Thane ya ga zaluncin ya gudu zuwa ga 'yan tawaye, Ciena ta ga zaluncin ita ma amma ta tsaya, saboda a al'adar mutanenta ba a karya rantsuwa. Littafin bai mai da ita wawiya ko muguwa ba, kuma Turancinsa mai sauƙi ne, ya dace da wanda bai saba da dogon karatu a harshen ba. Bloodline na 2016 yana nuna Leia a majalisa shekara shida kafin The Force Awakens, kuma shi ne ya fahimtar da ni yadda aka yi sabuwar Jamhuriya ta yi sakaci har abokan gaba suka sake yin ƙarfi, abin da fim ɗin bai tsaya ya bayyana ba.

Akwai manyan jeri biyu da zan ce ka dakata da su. The New Jedi Order litattafai 19 ne da marubuta daban-daban suka rubuta daga 1999 zuwa 2003, kuma zafinsa ba ya kama wanda bai riga ya shaƙu da mutanen ba. The High Republic, da ya fara da Light of the Jedi na Charles Soule a 2021, labari ne na kimanin shekara 200 kafin The Phantom Menace, mai kyau, amma an warwatsa shi tsakanin litattafan manya da na matasa da na zane, bin sa duka yana cin kuɗi da lokaci.

Wajen saye ka lura da abu biyu. Zahn ya sake rubuta wasu litattafai a kan Thrawn a sabon layi, na farkonsu mai suna Thrawn kawai, a 2017, kuma masu saye kan ruɗe. Su ma suna da kyau, amma ba ci gaban na 1991 ba ne, tarihin mutumin ne aka sake ginawa. Idan kuma gwanjo ka samu, tsofaffin bugu ba su da tambarin Legends mai ruwan zinare a saman bango, sai ka duba shekarar wallafa a shafin ciki: abin da ya fito kafin Satumbar 2014 na tsohon layi ne. Ga mai son sauraro, yawancin waɗanda aka naɗa da murya a shekarun 1990 an taƙaita su ƙwarai, don haka ka nemi cikakken karatun Marc Thompson na Heir to the Empire, wanda aka fitar a 2011 lokacin da littafin ya cika shekara 20.