Linka ya ƙi haɗa mini laburaren .so, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta manhajar lissafi da C a kan Linux, na'urar x86-64. GCC, mai fassara C zuwa harshen na'ura, ya fitar da fayilolin .o lafiya lau, amma da na zo haɗa su su zama laburaren .so, irin wanda wasu manhajoji ke lodawa su yi amfani da shi, sai linka, wato manhajar da ke haɗa fayilolin, ya tsaya da saƙon "relocation truncated to fit: R_X86_64_PC32 against .bss". A ciki ina da static double tebur[20000][20000]. Na ƙara RAM, shiru.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba RAM ba ne, nisa ne. A tsarin da GCC ke bi idan ba a ce masa komai ba, umarnin da ke neman wani bayani yana riƙe tazarar da ke tsakaninsu a gurbi mai bit 32. Iyakar wannan gurbi gigabayit 2 ne gaba, 2 baya. To, yi lissafin teburinka: gurabe miliyan 400, kowanne bayit 8, ka ga bayit biliyan 3.2 ke nan. Duk abin da linka ya ajiye a bayan wannan tebur ya yi wa umarnin nisa, lambar ba ta shiga gurbin, shi ya sa ya ƙi. Gara ma da ya ƙi, da ya datse lambar da manhajarka ta riƙa karanta inda ba nata ba.

Kada girman fayil ɗin .o ya ruɗe ka. Abin da ke sashen .bss, inda bayanan da ba a ba su ƙimar farko ba irin teburinka suke zama, ba ya cin wuri a faifai, girmansa kawai ake rubutawa. Buga size a kan fayilolin, sannan nm -S --size-sort, mai laifin zai fito a ƙasan jerin.

Gyara na gaggawa shi ne ka sake gina komai da -fPIC -mcmodel=medium. Wannan yana kwashe duk bayanin da ya haura kimanin kilobayit 64 zuwa sassan manyan bayanai, .lbss ko .ldata, inda ake isa gare shi da adireshi mai bit 64. Na ce komai: yi make clean tukuna, domin tsohon .o guda ɗaya da ya maƙale ya isa ya dawo da kuskuren. Wasu za su ce ka sa -mcmodel=large. Ni ban ba ka shawarar ba, tunda bayananka ne suka yi yawa, umarnin manhajarka bai kai ko kusa ba, kuma yana ƙara wa kowane kira nauyi.

Amma abin da na fi so ka yi, cire teburin daga static gaba ɗaya, ka nemi wurinsa da calloc lokacin da manhajar ke aiki. Laburare kayan aro ne, bai kamata ya ɗora wa duk manhajar da ta loda shi keɓe gigabayit 3 ba, ko ta buƙata ko ba ta buƙata ba.

Tambaya: Malam, nawa kuma "ld terminated with signal 9" yake cewa, fayilolina na C++ kuwa manya ne ƙwarai.

Amsa: Nan kam RAM ne ya ƙare, Linux ya kashe linkan, duba dmesg za ka ga shaida. Galibi bayanan gano kuskure da -g ke zubawa ne ke kumbura fayilolin. Sa -gsplit-dwarf su koma fayilolin .dwo daban, ka rage lambar da kake ba make -j don kada haɗi da yawa su tashi lokaci guda. In ya ci gaba, ƙara swap, wato wurin faifai da ke tsaya wa RAM idan ya cika, kafin ka sayi sabon RAM.